Tsohon da ya ƙirga gawa miliyan ɗaya da injin lissafi

Kwanakin baya muna zaune wajen mai shayin bakin layinmu bayan isha'i, rediyo na ta surutu ba mai kula shi, sai aka sake ɗauko maganar ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga kotun duniya ta ICC, wadda suka sanar tun watan Satumbar 2025. Wani abokina ɗan kasuwar hatsi ya ajiye kofi ya ce wallahi sun yi daidai, ai wannan kotu ta baƙaƙe ce kawai, Bature ya gina ta don ya dinga ɗaure mu.

Ni kuma sai bakina ya ƙi yin shiru, na ce masa ka san akwai wani tsoho da ya kwashe shekaru masu yawa yana fafutukar a kafa kotun nan, ya rasu yana da shekara 103? Sai ya kwashe da dariya ya ce, "To Malam ai a banza ya tsufa, yaƙi ya tsaya ne?" Aka yi ta dariya. Ni dai ban yi ba, kuma maganar ta bi ni har gida.

Sunan tsohon Benjamin Ferencz. Lauya ne, tsohon soja ne, kuma mutum ne da ya rabar da dukiyarsa. Ra'ayina shi ne bai tsufa a banza ba, kuma abun da ya sa na ce haka ba wai don kotun ta gyara duniya ba ne, ba ta gyara ba. Dalilina shi ne mutumin nan ya nace a kan abu biyu da mu muke wasa da su, wato a ƙirga wanda aka kashe a rubuta, sannan dokar da ka ɗora wa maƙiyinka ka yarda a ɗora wa ɗan gidanku.

Waye shi ma tukuna

An haife shi a watan Maris na 1920 a yankin Transylvania, iyayensa Yahudawa talakawa, suka yi hijira da shi zuwa Amurka bai kai shekara ɗaya ba. A wata unguwar marasa galihu ta New York ya tashi. Ƙwaƙwalwa ce ta fitar da shi, ya gama karatun lauya a Harvard a 1943, daga nan sai soja. Ba hafsa ya shiga ba fa, ƙaramin soja, a rundunar da ke harbo jiragen yaƙi. Ya sauka Normandy ta Faransa a yaƙin duniya na biyu, ya bi yaƙin har cikin Jamus, aka sallame shi ƙarshen 1945 da igiyar saje.

Dab da ƙarshen yaƙin ne aka tuna ashe wannan ɗan guntun sojan lauya ne, sai aka maida shi sashen binciken laifukan yaƙi a rundunar Janar Patton. Aikinsa idan an buɗe sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi irin su Buchenwald da Mauthausen da Ebensee, ya ruga ofishin sansanin ya kwashe takardu kafin a ƙona su. Ka yi tunanin wannan. Gawarwaki jibge a tsakar fili, waɗanda suka rage da rai ƙashi da fata, shi kuma an ce masa ya wuce ya nemo rajista.

Wani zai ce wannan rashin imani ne. Ni a wajena nan ne aikin yake.

A 1947, bayan ya koma Jamus aikin shari'ar 'yan Nazi, yaransa masu bincike a Berlin suka ci karo da rahotannin sirri na wasu rundunonin SS, dakarun musamman na Hitler, da ake kira Einsatzgruppen, waɗanda aikinsu shi ne bin bayan sojojin Jamus a gabashin Turai suna tara Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma da 'yan kwaminis a bakin rami suna harbewa. Su da kansu suke rubuta wa hedkwata, gari kaza, rana kaza, mutum kaza, kamar yadda yaron shago ke rubuta cinikin yini. Rahoto ɗaya ya ce a Babi Yar kusa da Kyiv an kashe mutum 33,771 cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumbar 1941. Ba "kimanin dubu talatin" ba, har da saba'in da ɗayan.

Ferencz ya zauna da ƙaramin injin lissafi yana tarawa. Da ya wuce miliyan ɗaya sai ya tsaya, ya ɗauki takardun ya hau jirgi zuwa Nuremberg, inda ake yi wa 'yan Nazi shari'a, wajen ogansa Telford Taylor ya ce dole a yi wa mutanen nan shari'a. Aka ce masa babu kuɗi babu lauyoyi, in zai iya haɗawa da sauran aikinsa to bismillah. Haka ya zama babban mai gabatar da ƙara yana da shekara 27, kuma ita ce shari'arsa ta farko a duniya, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba kafin nan.

Mutum 22 aka yi wa shari'ar. Kwana biyu kacal ya yi yana gabatar da hujja, takardun da suka rubuta da hannunsu ya shimfiɗa wa alƙalai. Duka 22 aka same su da laifi.

"Ai shari'ar wanda ya ci yaƙi ce"

Wannan shi ne ƙorafi na farko kuma ba zan ce ƙarya ba ne. Waɗanda suka jefa bam a Hiroshima ba wanda ya gurfanar da su. Rasha da ta kashe hafsoshin Poland a Katyn har da alƙalinta a babbar shari'ar Nuremberg ta farko. Faransa kuwa, a Disambar 1944 ta buɗe wa sojojinta 'yan Afirka ta Yamma wuta a Thiaroye ta Senegal don sun nemi haƙƙinsu, a watan Mayun 1945 ta yi ɓarna a Setif ta Aljeriya, sannan ita ma ta zo ta zauna kujerar alƙali. Duk wanda ya ce akwai munafunci a nan gaskiya ya faɗa.

Amma tsaya. Munafuncin alƙali yana goge mutum 33,771? Idan ɓarawo ya kama ɓarawo, na biyun ya zama mai gaskiya kenan? Paul Blobel da ya jagoranci kisan Babi Yar ba sharri aka yi masa ba. Otto Ohlendorf da bakinsa ya amsa cewa rundunarsa ta kashe mutum 90,000, hujjarsa wai kare kai suke, sun san Rasha za ta kawo musu hari don haka suka riga ta, yaran kuma in an bar su za su girma su zama abokan gaba. Mutum ne fa mai ilimi, uban 'ya'ya biyar. Da yawa cikin waɗanda aka gurfanar masu digirin dakta ne.

Wannan ne ma ya fi tsaya wa Ferencz a rai har tsufansa, kullum yana maimaita cewa ba dodanni ya gurfanar ba, yaƙi ne ke maida mutanen kirki makasa. Kuma wannan hujja ta "mun riga su ne kafin su riga mu" ai har gobe ita ake kawowa, daga manyan ƙasashe har rikicin ƙauye.

Kada kuma a ɗauka waliyyi nake kwatantawa. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya ga fursunonin da aka 'yanta sun kama wani sojan SS sun lakaɗa masa duka sun tura shi cikin murhun ƙona gawa da ransa, ya ce bai yi komai ba don ya hana. Ya kuma amsa cewa a lokacin bincike ya tsorata shaidu da barazanar harbi in suka yi ƙarya. Ni wannan ikirarin ne ya ƙara masa daraja a idona, domin mutum ne da ya ga ɗaukar doka a hannu ido da ido, ya san daɗin da ramuwa ke yi wa zuciya a wannan minti ɗin, sannan da ya tashi buɗe shari'arsa ya ce ba ramuwar gayya ta kawo su ba. Duk wanda ya taɓa ganin an yi ihun ɓarawo a kasuwa an ɗauko taya da fetur ya san bambancin da nake nufi.

"To me aka samu?"

Nan abokina ya fi ƙarfi. An yanke wa 14 hukuncin kisa, huɗu kawai aka rataye a Yunin 1951, sauran aka yi ta rage musu, kafin ƙarshen 1958 duk sun fita suna shan iska. Rundunonin nan kusan mutum 3,000 ne, Ferencz ya ce abun da ya taƙaita adadin waɗanda ya gurfanar shi ne yawan kujerun da ke wurin zaman waɗanda ake tuhuma. Kujeru fa. Mutum miliyan ɗaya a ƙasa, adalci kuma ya tsaya a kan kujera nawa kafinta ya yi.

Eh, abun takaici ne. Amma ga abun da aka samu, yau babu wanda zai tashi ya ce Babi Yar ƙage ne ya tsira da mutuncinsa, saboda akwai takarda, akwai rana, akwai suna, akwai hukuncin kotu. Da an bi shawarar masu cewa a jera su a bango a harbe kawai a huta, da yanzu jikokinsu na cewa jarumai ne aka zalunta.

Kuma bai tsaya nan ba, ya zauna a Jamus har 1956 yana bin haƙƙin waɗanda suka tsira, gidajen da aka ƙwace, dukiyar da ba magaji, yana cikin waɗanda suka yi aikin yarjejeniyar diyya ta 1952 da Jamus ta Yamma ta sa wa hannu, daga baya ya bi manyan kamfanonin da suka sa mutane aikin bauta. Aiki ne mai gundura, fayil kan fayil, ba mai ɗaukar ka hoto. Amma bazawarar da ta karɓi kuɗin ita ta san ko banza ne.

Maganar mudu

Yanzu ga babbar maganar, kotun baƙaƙe. Shekaru da dama duk wanda aka gurfanar a kotun ICC da ke birnin Hague ɗan Afirka ne. Amurka da Rasha da China ba sa ciki, amma suna da kujera a Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya da za su tura wasu. Amurka ta sa hannu a ƙarshen mulkin Clinton, Bush ya zo ya janye a 2002, har doka suka yi ta kare sojojinsu daga kotun. Da Fatou Bensouda 'yar Gambiya, babbar mai gabatar da ƙara ta kotun a lokacin, ta taɓo maganar Afghanistan sai suka ƙaƙaba mata takunkumi a 2020. Wannan duk haka yake.

Sai dai akwai abun da ba a faɗa a wajen shayi. Uganda da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Mali, gwamnatocinsu ne da kansu suka kai ƙara. Mutumin da ya rusa hubbaren waliyyan Timbuktu, Ahmad al-Mahdi, Nijar ce da kanta ta miƙa shi Hague a 2015, aka ɗaure shi shekara tara. Kotun ta wanke tsohon shugaban Ivory Coast Laurent Gbagbo a 2019. Ɗan Najeriya, Chile Eboe-Osuji, ya shugabance ta daga 2018 zuwa 2021. Sannan waɗanda aka kashe a Darfur da Ituri ta Kwango da arewacin Uganda su ma ai baƙaƙe ne, ko su ba sa cikin lissafin? Idan aka ce kotun na takura wa Afirka, wace Afirkar, ta masu jiniya ko ta waɗanda ke cikin rami?

Na ce wa abokina, kai da kake awo kullum, idan ka gano wani a kasuwarku yana da mudu biyu, mai faɗi na saye da wanda aka bubbuga gindinsa na sayarwa, me kuke yi? Cewa kuke a daina awo a kasuwar, kowa ya ɗiba da ƙarfinsa? Ai sarkin kasuwa kuke kai wa ƙara a kawo mudu ɗaya na kowa. In aka soke awo gaba ɗaya mai ƙarfi ne zai ci riba, ba tsohuwar da ta kawo tiya biyu ba.

To Ferencz mudu ɗaya ya nema, kuma gidansu ya fara kai ƙara. Yaƙin Vietnam ne ya sa ya ja baya da aikin lauya mai kawo kuɗi ya koma rubutu da yawon wa'azin a kafa kotun duniya, lokacin ana masa kallon mai mafarki. Ya ga an amince da yarjejeniyar Rome da ta kafa kotun a 1998 yana da shekara 78, ta fara aiki a 2002. Da ƙasarsa ta ƙi shiga bai yi shiru ba. A 2006 ya fito ya ce kamar yadda ake yi wa Saddam Hussein shari'a, George Bush ma ya cancanci a yi masa kan mamaye Iraƙi. Tsohon sojan Amurka ne fa yake faɗin haka. Mu nan a samo min dattijo ɗaya da zai ce a binciki ɗan garinsu ko ɗan jam'iyyarsu yana kan mulki.

"Ai Bayahude ne"

Wani matashi a gefe ne ya jefo wannan, kuma na san da yawa masu karanta wannan ita ce a ransu, musamman da abun da muka gani a Gaza. Ferencz ya rasu ranar 7 ga Afrilun 2023, wata shida kafin wannan yaƙin ya ɓarke, don haka ni ba zan sa masa magana a baki ba, kowa ma kada ya sa.

Abun da ke a fili shi ne kotun da ya yi wa wahala ta fitar da sammacin kama Putin makonni uku kafin rasuwarsa, sannan a Nuwambar 2024 ta fitar da na Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Gallant. Ranar da labarin ya fito na ga mutanen da shekara da shekaru suke zagin kotun suna ta murna suna turawa a waya. To ɗan uwa ba ka da damar yin duka biyun. In sammacin Netanyahu abun murna ne to na al-Bashir ma takarda ce daga ofishi ɗaya, shi da ya zo Abuja a 2013 ya koma ba wanda ya taɓa shi. In kuma kotun banza ce, to na Netanyahun ma banza ne.

An kama su? Ba a kama ba. Amma Charles Taylor na Laberiya ma ya zauna Kalaba yana ganin ya sha, sai ga shi an cafke shi a Gamboru a 2006, wata kotun ta musamman ta yanke masa shekara 50. Hissene Habre na Chadi ya yi fiye da shekara 20 a Dakar kafin a zo kansa, 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma takardun 'yan sandan sirrinsa da aka tsinta a N'Djamena suna cikin abun da ya ci shi. Takarda dai, takarda.

Kyautar

Wannan ɓangaren zan taƙaita. Mutumin ya tara kuɗi ta hanyar tattali da saka jari amma ya yi zamansa a ƙaramin gida a Florida, kuɗin ya tura su inda bakinsa yake. A 2016 aka ji ya ba cibiyar hana kisan kiyashi ta gidan tarihin Holocaust, wato kisan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, da ke Washington dala miliyan ɗaya, ya kuma kafa gidauniya shi da ɗansa don tallafa wa masu aikin shari'ar ƙasa da ƙasa.

Abun da ya burge ni shi ne irin kyautar. Ba wadda ake yanka kyalle a buɗe ba ce. Ban raina buhun shinkafar azumi ba wallahi, mai yunwa ya san darajarsa, amma mafi yawan waɗanda ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke, wasu laifin da ake zarginsu da shi ko an same su da shi ɗaurinsa bai kai zaman da suka riga suka yi ba, kawai babu lauyan da zai ɗaga fayil ɗin. Attajiri nawa ka ji ya ce ga albashin lauyoyi goma na shekara ku je ku fito da su? Ba a yi, saboda ba a manna hoton mutum a jikin fayil.

A 2011 da ICC ta zo rufe shari'arta ta farko, ta Thomas Lubanga na Kwango kan sa yara aikin soja, sai aka gayyaci Ferencz ya yi jawabin ƙarshe a ɓangaren masu ƙara. Yana da shekara 91. Shari'arsa ta farko yana 27, wannan kuma bayan shekara 64, da take ɗaya a bakinsa duk tsawon lokacin, doka ba yaƙi ba. Matarsa Gertrude da suka yi aure a 1946 ta riga shi a 2019, shi kuma ya ci gaba da amsa tambayoyin 'yan jarida har ya haura ɗari.

Da za mu tashi na tambayi abokina, shi da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen kakanninsa shekarun baya, na ce mutum nawa aka kashe ranar? Ya ce da yawa. Na ce nawa? Ya ce Malam wa ya ƙirga, an dai yi jana'iza da la'asar. Sai ya ɗaga hannu ya fara lanƙwasa yatsu yana kiran sunaye a hankali, wane ɗan gidan liman, wane mai gyaran keke, wance da goyonta. Ya cika hannu ɗaya ya shiga na biyu sai ya tsaya, ya ce akwai wasu baƙi biyu da suka zo cin kasuwa, su ba wanda ya san sunansu. Mai shayi ya zo kwashe kofuna ya ce nasa ya huce ko a ɗumama masa, ya ce a'a a bar shi.